Juyen Motar Auta

Tun da Direba ya ajiye aiki ya mayar wa kamfani makullin bas ɗinsu, abu ɗaya ne ya rage masa da yake kira aiki: juyen baƙin man motar Auta. Sauran kwanakinsa duk kamarsu ɗaya. Ya share garejin da ke gefen gida, ya goge sifanonin da ba su yi datti ba, ya jera su a jikin allo daga babba zuwa ƙarami, ya koma falo ya yi ta musu da rediyo. Amma ranar juye daban take. Ranar yakan riga kowa tashi, ya saka shuɗiyar rigar aikinsa wadda matarsa ta sha yunƙurin mayarwa tsumma, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya tsaya bakin ƙofa yana kasa kunne.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ɗaya ƙarshen gari. Ba wai ba ta zuwa gida ba ne. Tana zuwa, ita da mijinta, a zauna a falo, a tambayi aiki, a tambayi gajiya, daga nan ta shige kicin wurin Ummanta, a bar Direba da surukinsa suna kallon labarai kamar baƙi biyu a tasha. Hira ta gaske tsakaninsa da 'yarsa sai a gareji. Shi yana kwance ƙarƙashin mota, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu, ita tana zaune kan kifaffen bokitin fenti tana miƙa masa sifana. Tun tana 'yar makaranta take zaman bokitin nan, lokacin motarsa ce a kan jak. Ya daɗe da lura cewa akwai maganar da ɗa ba ya iya faɗa wa uba ido cikin ido, amma yana iya faɗa wa tafin ƙafarsa. A nan ta gaya masa ta faɗi jarrabawa. A nan, bayan shekaru, ta gaya masa akwai wani malamin makaranta da ke son zuwa ya gaishe shi. Ranar cewa ya yi, "Miƙo min filta," ya bar mai yana tsiyaya har ya ƙare.

Tsohuwar motar Auta ta yi masa halacci. Kafin ka ce kwabo man ya yi baƙi ƙirin, sai juye. Bai taɓa zaginta a kan haka ba.

Wata Asabar sai ya ji ƙarar injin da bai sani ba ta tsaya a ƙofar gida, siririya, kamar kyanwa na minshari.

"Baba, fito ka ga amarya," in ji Auta daga waje.

Ya fito ya zagaye motar hannuwa a baya, ya ɗan shuri taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya buɗe bonet.

"Ina injin?"

"Ga shi kana kallo."

"Wannan? Na ɗauka keken ɗinkin Ummanki ne aka manta a ciki."

Ta yi dariya. "Ƙarami ne, amma ya fi tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsaya ka ga abincinsa."

Ta buɗe but ɗin bayan motar ta fito da wani galan mai ruwan azurfa, mai ƙugu kamar kwalbar turare. "Wannan shi ake ce wa sintetik. Haɗa shi ake yi a masana'anta, ba kamar wanda muka saba ba da ake tacewa kawai daga ɗanyen mai. Shi aka rubuta a littafin motar. Wai yana jure zafi, kuma sai ya yi ninkin wancan ko fiye kafin a juye. Ka ga ka huta, ni ma na huta da ratsa gari."

Direba bai ji maganar zafi ba, bai ji maganar masana'anta ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne bokitin fenti zai riƙa zama wata da watanni babu kowa a kansa.

Ya buɗe galan ɗin, ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina, ya yatsine fuska.

"Wannan ai ruwan shayi ne. Mai da ba shi da jiki me zai riƙe? Na tuƙa bas har gashina ya yi fari da baƙin mai na gama-gari, ban taɓa kwana a hanya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsada kawai suka ɗora masa da galan mai kyau, don sun san ku 'yan zamani da ido kuke sayayya."

"To, likita ya yi magana," in ji Auta. Ta ajiye galan ɗin kan bencinsa. "Man da ke ciki na wanda ya sayar min ne, ban san shekarunsa ba. Asabar mai zuwa zan kawo ta. Wanda ka ga ya dace shi za ka zuba, Baba. Ni allura na sani, ban san inji ba. Abin da ka ce shi ke nan."

Da ta yi masa gardama da ya ji daɗi. Gardama abu ne da ya iya. Amma ta tattara amanar ta ɗora masa a cinya ta shige kicin tana kiran Ummanta.

Washegari ya nufi kantin wani tsohon abokinsa mai sayar da kayan mota, yana neman wanda zai taya shi yaƙi. Kantin ƙarami ne, galan-galan har rufi, bel-bel na inji sun rataya kamar macizai, fanka na juya warin roba.

"Ba-Gaggawa," in ji Mai Kanti, don sunan da direbobi suka laƙaba masa ke nan tun zamanin da keke ke iya wuce bas ɗinsa. "Yau da ƙafa? Ai ka fi sauri a haka."

"Bar wasa. Gaya min tsakaninka da Allah, wannan sintetik ɗin ba damfara ba ce?"

"Wace mota?"

"Ina ruwanka da wace mota? Mai ai mai ne."

"Magani ma ai magani ne, amma ba ka shan na ciwon ido don ciwon baya. In tsohuwar akwala ce mai yoyo, mai ƙona mai, zuba mata sintetik kamar wanke jaki ne da sabulun ƙamshi. Ka ba ta gama-gari, ka riƙa juyewa a kan kari, ku rabu lafiya. Amma waɗannan ƙananan injinan na yanzu zafin rai gare su, hanyoyin man cikinsu sirara kamar jijiya. In mai motar kullum yana cikin cunkoso, a taka a tsaya, a taka a tsaya, to sintetik ya ci kuɗinsa."

"Dole ka ce haka, tunda ribarsa ta fi."

"A wurina aka saya?"

Direba ya girgiza kai.

"To ka gani. Wa'azi na yi wa kasuwar wani." Mai Kanti ya dube shi ta saman tabarau. "Motar 'yarka ce ko? Kai da ya kamata ka yi murna bayanka zai huta."

"Wa ya ce maka bayana ya kai ƙara?"

Ya sayi galan ɗin gama-gari, wanda ya saba, ya rungumo shi zuwa gida kamar wanda ya ceto ɗan uwa daga hannun maƙiya.

Direba mutum ne da bai yi nisa a makaranta ba, amma bai yarda da ji-ta-ji-ta ba. Duk abin da ya sani game da inji, da hannunsa ya kwance ya gani. Saboda haka ya yanke shawara zai gwada mayukan biyu da kansa, ya kama na zamanin dumu-dumu da laifi, ranar Asabar ya kai wa Auta hujja. Ya jira ranar da Umma ta tafi kasuwa. Ya samo gwangwanayen madara guda huɗu ya wanke. Biyu ya zuba musu mai, ɗaya wannan ɗaya wancan, ya cusa su cikin firiza bayan ledar nama. Sauran biyun ya jera su cikin kaskon suya ya ɗora kan murhun gas, ya ja kujera ya zauna kamar alƙali.

Da farko babu abin da ya faru. Can sai gama-garin ya fara hayaƙi. Direba ya ce a ransa ai wutar ta fi yawa ta gefen nan, ya juya kaskon. Gama-garin ya ci gaba da hayaƙi, ya yi duhu, ya fara kama gefen gwangwani da wani baƙin danƙo. Na Auta kuwa ya ɗan yi ja kamar shayin da aka manta, yana zaune abinsa. Ya ƙara wuta don ya ga inda taurin kansa zai ƙare. A nan gwangwanin gama-gari ya yi tsalle ya kife cikin kaskon.

Lokacin da Umma ta turo ƙofa da jakar cefane, ta tarar da mijinta ya kashe gas yana kore hayaƙi ta taga da faifan tukunya, idanu na hawaye.

Ta ajiye jakar a hankali. Ta dubi kaskon. Ta dube shi.

"Malam, me muka samu yau? Soyayyen inji?"

"Bincike nake yi."

"A kaskona."

"Shi ne mai faɗin da zai ɗauki gwangwani biyu."

"Allah Sarki. Shekara da shekaru ina roƙonka ka shigo kicin ka taya ni, ashe alheri ka yi min da ba ka shigo ba." Ta ɗaga kaskon da tsumma ta leƙa. "Wanne ne wannan da ya ƙone?"

Ya ci gaba da kore hayaƙi.

"Naka ne ko na yarinya?"

"Wutar ce ba ta daidaita ba."

Ta buɗe firiza za ta saka kifi, sai hannunta ya ci karo da gwangwani. Ta fito da su biyun ta riƙe, ta karkata na farko, man ya gangaro a sanyaye. Ta karkata na biyu, ya tsaya yana shawara kafin ya motsa.

"Ga tsohuwar zumarka nan, ta kama jiki," ta ce. "Wannan ma wutar ce?"

Ta ajiye su, ta goge hannu, muryarta ta sauka. "Malam, ni fa ba yau na san ka ba. Ba man kake ƙi ba."

"To me nake ƙi?"

"Ka tambayi bokitin fenti. Kasko dai sabo nake so, mai murfin gilashi."

Kwanakin da suka rage kafin Asabar, Direba ya yi su yana shari'a da kansa a gareji, galan biyu a gabansa kan benci. Abin da ya fi damunsa shi ne ba sai ya yi ƙarya ba. Zai iya cewa gama-gari ba ya kashe mota in ana juye shi da wuri, kuma gaskiya ne. Zai iya cewa girkin gwangwani a kicin ba cikin inji ba ne, wannan ma gaskiya ne. Zai iya cewa sintetik ya fi tsada, kowa ya san haka. Sai ya jera gaskiya uku reras, Auta ta ce to, ta ci gaba da zuwa kamar da. Wa aka cuta? Ba wanda zai kama shi, don shaidar da ke akwai ɗaya ce, kuma ana iya rufe bakinta da kasko.

Amma ya kasa gane yadda gaskiya uku za su haɗu su ba da warin ƙarya. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can. A ƙarshe ya ga cewa ba a maganar matsalar take ba, a tambayar take. Auta ta tambaye shi abin da ya dace da motarta, shi kuma yana shirin ba ta amsar abin da ya dace da shi. Ya tuna wata ranar juye da ta zo kai tsaye daga aikin kwana, yana ta zuba daga ƙarƙashin mota, da ya ji shiru ya leƙo ya same ta tana gyangyaɗi kan bokiti, sifana a hannu. Ranar daɗi ya ji, wai ta zo duk da gajiya. Yanzu da ya sake kallon hoton a ransa, gajiyar ya fi gani.

Duk da haka bai ji ya zama waliyyi ba. Haushi yake ji, na galan mai ruwan azurfa, da na wanda ya ƙirƙiro shi.

Asabar ta zo. Auta ta shigo da motar gareji, ta gaishe shi, ta jawo bokitinta. Ya ɗaga motar, ya kafa mata tsayayyun ƙarafa, ya shige ƙarƙashi. Ta miƙa sifana ba tare da ya faɗi lamba ba. Tsohon man ya tsiyaye cikin kwano, baƙi kamar tawada. Ya canza filta, ya mayar da noti ya ɗaure. Sai ya ci gaba da kwanciya a wurin, ko da yake aikin ƙasa ya ƙare.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Naki za ki zuba. Mai kama da turaren."

"Ruwan shayin?"

"Shi. Injinki ƙarami ne, yana zafi, ke kuma kullum kina cikin cunkoso. Ya fi dacewa da ke. Na gwada." Ya yi gyaran murya. "Ki riƙa duba gejin mai lokaci-lokaci, in ya yi ƙasa ki ƙara. In kin ga ya yi duhu kada ki tsorata, dattin ciki yake kwashewa. Ba sai kin sake ratso gari ba, sai lokacin da littafin ya ce. Da sauran nisa."

"Ka gwada? A ina?"

"A kaskona," in ji Umma daga bakin ƙofa, tire ɗin shayi a hannu. Ta ba da labarin kaf, har da tsallen gwangwani, ta ƙara gishiri inda ya kamata. Auta ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga kan bokiti. Direba ya fito daga ƙarƙashi fuska a murtuke, ya kafa mazurari ya zuba man da kansa, siriri, garai-garai. Da aka tayar da injin, ya kasa kunne ya so ya ji wani aibu, bai ji ba.

Da za ta tafi ta ce, "Na gode, Baba. Yanzu ka huta."

"Na huta," ya ce.

Ya ɗauki bokitin ya ɗora can saman kanta, kusa da tsoffin fitilun bas. Galan ɗin gama-gari da ya sayo kuwa ya rasa yadda zai yi da shi, ya tura shi ƙarƙashin benci.

Ba a cika wata ba, wata safiyar Asabar yana falo yana gaya wa rediyo cewa ba ta san abin da take faɗa ba, sai ya ji wani abu na tahowa daga farkon layi. Tari ne, da atishawa, da ƙarar ƙarfe na gaisawa da ƙarfe. Karnukan maƙwabta suka amsa. Abin ya zo ƙofar gidansa ya yi ajiyar zuciya ya mutu.

Ya fito. Tsohuwar motar surukinsa ce, wadda 'yan makarantarsu ke kira Kunkuru, ƙofa ɗaya launinta daban, hayaƙi bai gama bajewa a bayanta ba. Auta ta fito ta ɓangaren fasinja, don ƙofar direba ba ta buɗuwa daga ciki.

"Baba, na kawo maka mara lafiya. Mai ita bai san ranar da aka yi mata juye na ƙarshe ba. Na tambaye shi ina gejin mai, ya nuna min wurin ruwan goge gilashi."

"Ina taki?"

"Na ba shi ya je ɗaurin auren abokinsa da ita, kada a ga wannan a fasa auren. Na ce daga yau ni zan riƙa kawo ta. Ita ma sintetik ɗin za mu saya mata?"

Direba ya durƙusa ya leƙa. Tuni ɗigon mai ya fara zana taswira a kan siminti. Ya ɓoye murnarsa da tsaki.

"Wannan ko narkakken zinare kika zuba mata, a titi za ta rabar. Gama-gari za ta sha, kuma a kai a kai. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Akwai galan ƙarƙashin benci."

"A kai a kai kamar yaya?"

"Sosai."

"To, ba yadda za mu yi," in ji Auta, fuskarta babu alamar dariya.

Ya dubi tagar kicin. Umma na can tana wanke sabon kasko mai murfin gilashi, tana wata 'yar waƙa, ta ƙi ɗagowa. Ya so ya tambaya ko wannan shiri ne, kuma na wa, sai ya ga akwai tambayar da in ka yi ta ka yi wa kanka asara. Ya je ya saka shuɗiyar riga. Suka tura Kunkuru cikin gareji su biyu. Kafin ya gama kafa jak, Auta ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da bokitinta, ta busa ƙurar.

Yana shiga ƙarƙashi ya ga inda yoyon yake. Gasket ne ya mutu, wato robar da ke hana mai yoyo, aikin yini ɗaya. Ya kwanta yana kallonsa. In ya gyara, man zai daɗe, zuwan zai ragu. Ya rufe ido ya buɗe. Wato shari'ar nan ba ta ƙarewa ke nan.

"Auta, yoyon nan fa ina iya tsayar da shi. In na canza gasket ba za ta riƙa shan mai haka ba."

"Ka canza mana, amma ba yau ba, sai an sayo. Wani zuwan." Ya ji ta gyara zama. "Bayan shi akwai birki, yana kuka. Ga ƙofar nan. Fitilar hagu sai an mare ta take kamawa. In na taka kwalta mai rami kuma, wani abu na amsawa daga baya, ban san ko mene ne ba."

Direba ya bi cikin motar da kallo daga gaba har baya. Duk inda idonsa ya sauka akwai aiki. Bai taɓa ganin mota mai albarka irin wannan ba.

"Ɗaya bayan ɗaya za mu bi su," ya ce. "Sifana."

Ta saka masa a hannu. Notin ya yi gardama, ya saki, man ya fara zuba cikin kwano.

"Baba, kana ji?"

"Ina ji."

"Akwai wata magana. Ko Umma ban gaya wa ba tukuna."

Ya gyara kwanciya a kan kwalin, ya matsar da kwanon daidai saitin man.

"Man nan da kauri yake, zai daɗe yana tsiyaya," ya ce. "Faɗi."